Tarihin Yaƙinmu da Sauro a Bakin Tafkin Madarunfa

A taron ƙungiya da ya gabata an yi ta ja-in-ja a kan zancen sauro. Wasu suka ce laifin tafki ne, wasu suka ce laifin hukuma ne da ba ta zo ta yi feshi ba. Dattawa suka ce kafin a yanke magana sai a waiwaya a duba abin da aka riga aka gwada tun zamanin kakanni, a ga wanda ya ci da wanda ya faɗi, don waiwaye adon tafiya ne. Abin da muka tattara ke nan muke kawo muku. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman iyayenmu mata, don su ne ke kwana zaune da yaro in jikinsa ya yi zafi.

Tafki da mutanensa

Tafkinmu yana kudu da Maraɗi, tafiyar kilomita 20 da 'yan kai. Gulbin Gabi ke kawo masa ruwa da damina, yana kuma da haɗi da Gulbin Maraɗi, wanda ke fitowa daga ƙasar Katsina. Da kaka ya cika ya batse, da bazara ya ja da baya ya bar laka mai albarka inda muke noman rani. A cikinsa masunta ke kama karfasa da tarwaɗa, a bakinsa makiyaya ke shayar da dabbobi, a kewayensa kuma akwai kaburburan waliyyai 99 da baƙi ke zuwa ziyara. A 2006 gwamnati ta miƙa sunan tafkin da dajin da kaburburan ga UNESCO, cikin jerin wuraren da take neman a sa su cikin kayan tarihin duniya. A 2019 aka rubuta shi cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare wurare masu dausayi. Wannan duka abin alfahari ne. Amma duk wanda ya taɓa kwana a nan cikin watan Satumba ya san akwai wani harajin da muke biya wanda ba a rubuta shi a takarda ba.

Dabarun kakanni

Kakanninmu sun san sauro sarai, sun kuma san masassara, sai dai ba su haɗa su biyun ba. Masassarar da ke zuwa lokacin da gero ya fara nuna, sai a ɗora wa tumu ko ɗanyar madara laifi. In yaro ya shiga jijjiga a ce iskoki ne suka taɓa shi, in ido ya yi rawaya a ce shawara ce, in ciki ya kumbura ta hagu a ce saifa. Kowace da nata magani, alhali sau da yawa ciwo ɗaya ne ya sake kama.

Sauron kansa kuwa sun yaƙe shi don yana hana barci. Da magariba a turara ɗaki da ɗoɗɗoya ko busasshen kashin shanu, a saki asabari a ƙofa. Maza su kafa rudu a tsakar gida, su hau can sama inda iska ke kaɗawa. Makiyayi ya hura wuta kusa da garke don hayaƙi ya kori ƙwari. Waɗannan dabaru ba na raini ba ne, sun rage cizo. Abin da suka kasa shi ne kare jariri da mai ciki tun daga lisha har asuba, kuma a wannan tsakanin ne sauron masassara ya fi cizo.

Zamanin Nasara

A 1880 wani likitan sojan Faransa, Laveran, ya ga ƙwayar cutar cikin jinin majinyaci a Aljeriya. A 1897 wani likitan Ingila, Ronald Ross, ya gano a Indiya cewa cikin cikin sauro take girma. Ke nan sa'ad da Nasara suka kafa mulki a ƙasar nan sun riga sun san gaskiyar al'amarin. Kumandan yana shan kinin, yana kwana cikin sange, gidansa yana kan tudu nesa da unguwannin talakawa. Wannan sani bai sauko ƙauye ba.

Abin da talaka ya gani shi ne ma'aikatan tsabta na manyan garuruwa, masu shiga gida da gardi suna leƙa randa da tulu. In an sami 'ya'yan sauro a ruwa sai tara, ko kwana a gidan kaso, ba tare da shari'a ba. Yawancin wannan bincike don tsoron shawara mai kisa ake yinsa, domin sauron da ke haihuwa cikin randa shi ke ɗauke da ita, na masassara a waje yake haihuwa. Sharar gari da cike ramuka kuma cikin aikin tilas suke, wanda ba a soke shi ba sai 1946. Saboda haka tun farko mutanenmu suka ɗauki zancen tsabta a matsayin wulakancin hukuma, abin da ake yi in an ga gardi, a bari in ya juya baya. Wannan tabo bai gama gogewa ba har yau.

A 1945 Gulbi ya yi ambaliya ya cinye tsohon Maraɗi da ke cikin kwari, aka tashi garin aka maida shi kan tudu. Mu da abincinmu ke cikin ruwa ba mu da inda za mu tashi mu koma, dole mu san yadda za mu zauna da shi.

Zamanin feshi

A lokacin yaƙin duniya na biyu aka fito da DDT, maganin ƙwari da ake fesawa a bango ya daɗe yana kisa. A 1955 Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ɗaura niyyar kawar da masassarar cizon sauro daga duniya baki ɗaya. An ci nasara a kudancin Turai da wasu ƙasashe, amma a ƙasashenmu gwaji kawai aka yi a 'yan wurare. Biyu daga cikinsu a ƙasar Hausa suke, ya kamata masu kiran a zo a yi feshi su san labarinsu.

Na farko an fara shi a 1954 a wajen Birnin Kabbi. Ba a cika shekara biyu ba aka tarar sauro ya saba da ɗaya daga cikin magungunan, mai suna diyeldirin, ya daina mutuwa. Na biyu shi ne na Garki, a tsohuwar jahar Kano, yanzu cikin Jigawa, daga 1969 zuwa 1976. Can OMS da gwamnatin Najeriya suka zuba kuɗi da masana, aka feshe ɗakuna, a wasu ƙauyuka aka haɗa da ba kowa magani. Masassara ta ragu ƙwarai, mutuwar jarirai ta ragu, amma cutar ba ta yanke ba. Dalili kuwa, sauron ya yi yawa, kuma wani kashi nasa in ya ci jini ba ya sauka a bango, waje yake fita ya huta. Da aka daina aikin, masassara ta komo. A 1969 ma OMS ta riga ta sauke wancan buri na kawarwa, ta koma zancen ragewa. Ƙasar Garki irin tamu ce, ginin irin namu, damina irin tamu. Abin da ya gagara can da kuɗin duniya, feshin kwana ɗaya ba zai yi mana shi ba a nan.

Bayan 'yanci: sakuris, nibakin da Samariya

Mun sami 'yancin kai ranar 3 ga Agusta 1960, zamanin Jori Hamani. A 1964 aka sake tsarin mulki, aka raba ƙasa jahohi 7, kowace jaha aka raba ta gundumomi. Perefe da suferefe suka gaji kumandan, kuma daga Yamai ake naɗo su. Daga baya Madarunfa ta zama cibiyar gunduma. Sarakuna da masu gari suka ci gaba da karɓar lanho.

Abin kirki da wannan zamani ya kawo, jaharmu ta Maraɗi tana cikin wuraren da aka fara shi tun shekarun 1960: ƙauye ya zaɓi mutum nasa a koya masa aikin sakuris, a ba shi akwatin magani, a kuma horar da ungozoma. Cikin akwatin nan babu abin da ya kai nibakin daraja. Tana da araha, tana aiki, yaro ya sha yau jibi ya tashi. Dattawanmu har yanzu suna tuna ɗacinta da ƙaiƙayin da take sa wa wasu. Matsalar ita ce sakuris ba shi da albashi, in damina ta faɗi gonarsa na jiransa, in magani ya ƙare kuma kuɗin sake saye ba kullum ake samunsu cikin akwati ba.

Ranar 15 ga Afrilu 1974, ana tsakiyar fari, soja suka karɓi mulki a ƙarƙashin Seyni Kunce. Aka farfaɗo da Samariya, kowane gari da sarkin samari da magajiya. A farkon shekarun 1980 aka kafa majalisun raya ƙasa tun daga ƙauye har sama. A wannan lokaci ne aka fi ganin aikin gayya: maroƙi ya yi shela, makaɗa su fito, a share gari, a gina azuzuwan lakwal, a dasa itace, a yashe hanyar ruwa. Masu shekaru suna cewa gari bai taɓa tsabta kamar lokacin ba. Amma mu faɗi gaskiya, rabin ƙwazon nan tsoron soja ne. Kunce ya rasu a 1987, aka yi Taron Ƙasa a 1991, Samariya ta watse, tsintsiya ta koma lungu.

Shekarun wuya

Farin 1984, wanda muke kira El Buhari don ya zo daidai da rufe iyakar Najeriya, ya rage ruwa, amma ya bar yara da raunin jiki. A farkon shekarun 1980 aka buɗe filin noman rani na Jiratawa. Wajen ƙarshensu aka gina madatsar Jibiya a kan gulbin can ƙasar Katsina, ruwan da ke malalowa cikin fadamarmu ya ragu, har ƙasashen biyu suka sa hannu a yarjejeniyar raba ruwa a Maiduguri a 1990. Yashi kuma yana ta gangarowa cikin tafki saboda saran itace, gefensa yana ƙara zama tsandauri mai ɗan ruwa da ciyawa.

A cikin haka nibakin ta fara gazawa. Ƙwayar cutar da ta saba da ita ta bayyana a gabashin Afirka a 1978, ta iso yammacinta cikin shekarun 1980. Uwa ta ba yaro magani yadda ta saba, zafi ya sauka kwana biyu ya komo, jini ya ƙare. A watan Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, maganin kanti ya yi tsada, gidan likita kuma aka shiga tsarin biya kafin a duba. Mutane suka koma wa masu tallar ƙwaya a kasuwa da kan keke. Gidaje da yawa a nan suna da ƙaramin kabari daga waɗannan shekaru. Allah ya sa masu ceto ne.

Zaɓe, sange da maganin damina

Ranar 25 ga Afrilu 2000 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin rage mutuwar masassara da rabi cikin shekara 10. A gida, zamanin Tanja Mamadu, aka shiga gina ƙananan ɗakunan shan magani a ƙauyuka. Ranar 24 ga Yuli 2004 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi 265, muka zaɓi kansiloli, su kuma suka zaɓi magajin gari. A 2005 aka sauya nibakin da sabon magani mai haɗi biyu, wanda tushensa wani ganye ne na ƙasar Sin, dangin tazargade. A 2006 aka yi dokar duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta.

Babban abin da ya sauya kwananmu shi ne rabon sange mai magani. A watan Disamba 2005, tare da ɗigon shan inna, aka raba wa iyaye mata a duk faɗin ƙasa, na Yamai suka samu a Maris 2006, jimla fiye da miliyan 2. Binciken da aka yi bayan haka ya nuna gidajen da ke da irin wannan sange sun tashi daga kamar 6 cikin 100 zuwa fiye da 60. Amma ko da damina, yaran da suka kwana cikinsa rabi ne da ɗan kai. An kuma lura sauron da ya saba da maganin sangen ya ƙara yawa bayan rabon, shi ya sa aka shiga ƙera sange mai magani iri biyu.

A 2012 OMS ta ba da shawarar a riƙa ba yaran Sahel maganin rigakafi da damina, abin da ake kira CPS. A 2013 aka fara shi a Nijar tare da ƙungiyar likitoci ta MSF, kuma gundumarmu tana cikin na farko, tare da Magarya da Madawa da Buza da Gidan Runji. Yaro daga wata 3 zuwa shekara 5 yana sha wata-wata daga Yuli zuwa Oktoba. Ranar farko a gaban ma'aikaci, sauran kwana biyu a hannun uwa. A watan Satumba 2024 aka ƙaddamar da allurar rigakafin masassara a Gaya. Tana rage tsananin ciwo, amma ba ta ɗauke wa kowa kwana cikin sange ba. Duk da wannan, rahoton OMS a kan shekarar 2023 ya sa Nijar cikin ƙasashe 4 da suka haɗa fiye da rabin mutuwar masassara a duniya, rabonmu kusan 6 cikin 100.

Ta wajen mulki kuwa, dokar ƙananan hukumomi ta 2010 ta ɗora musu tsabtar gari da magudanan ruwa. A 2016 aka ƙara miƙa musu wani ɓangare na aikin lafiya da ilimi da ruwa da muhalli. Aiki ya sauko, kuɗin yinsa bai sauko daidai da shi ba, harajin da ake tarawa a karkara kuwa kaɗan ne. An sake zaɓe a 2011 da 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, a watan Afrilu 2024 aka rushe majalisun, aka naɗa kantomomi. Ambaliyar 2020 da ta 2024, waɗanda suka yi wa jahar Maraɗi ɓarna mai yawa, ba su tambayi wane ne ke kan kujera ba.

Ina sauron yake haihuwa?

Yanzu mu komo kan masu cewa laifin tafki ne. Sauron da ke kukan nan a kunne, mai fitowa daga salga da kwata, yawancinsa mai hana barci ne kawai. Mai kawo masassara ana kiransa anofel, macen ce ke cizo, in ta sauka tana ɗaga gindi sama. Ba ta son tsakiyar tafki, inda igiyar ruwa ke kaɗawa kuma kifi ke cinye 'ya'yanta. Tana son ɗan ruwa marar zurfi wanda rana ke duka: sawun kofaton shanu a bakin mashaya, ramin da aka haƙa aka buga tubali, kududdufin bayan gari, sawun mota da amalanke, kwamin lambu da aka bari da ruwa. Da zafin ƙasarmu, daga ƙwai zuwa mai fiffike kwana 7 zuwa 10 ne. Akwai wani irin anofel da ke son gefen ruwa mai ciyawa da inuwa, shi ke ja mana masassara har cikin ɗari bayan na tudu sun huta. A nan tafki yana da nasa rabo. Amma mafi yawan wuraren haihuwar nan hannunmu ne ya yi su, kuma a bakin ƙofarmu suke. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Abin da tarihi ya nuna

In muka jera abin da ya gabata, za mu ga kowane zamani da makamin da ya zo da shi daga sama: kinin, DDT, nibakin, sange, maganin damina, allura. Kowanne ya ceci rayuka, Allah ya saka wa waɗanda suka kawo. Amma sauro da ƙwayar cutar suna sabawa da magani, mai ba da taimako kuma yana da ranar tafiya. Aikin ƙasa, wato cike rami da yashe hanyar ruwa, an yi shi da tsoron gardi, an yi shi da tsoron soja, ba mu taɓa riƙe shi don kanmu ba. Hukumar garinmu ta sake suna sau da yawa, daga kumandan zuwa suferefe, daga magajin gari zuwa kantoma, ramin tubalin nan na bayan gari yana nan inda yake.

Don haka kwamitin ƙungiya yana kawo waɗannan shawarwari, a tattauna su a taro mai zuwa:

1. Kafin ruwan farko, samarin kowace unguwa su zagaya tare da mai unguwa su ƙidaya ramuka da kududdufai, a rubuta. Wanda za a iya cikewa a cike shi da gayya, wanda ya fi ƙarfinmu a kai takardarsa ga mai gari da hukuma, mu riƙe kwafi.

2. A roƙi hukuma da sarki su keɓe wuri ɗaya nesa da gidaje don haƙar ƙasar gini. Wanda ya haƙa rami cikin gari, shi zai cike.

3. A zauna da makiyaya da masu lambu a tsayar da mashaya sanannu, a zuba musu tsakuwa, a daina barin ruwa kwance cikin kwami har mako.

4. Sange na kwana ne. Wanda ya kama kifi da shi ya cuci yaronsa, ya kuma cuci masunta, don yana kwashe 'ya'yan kifin da ke cinye mana 'ya'yan sauro. A ɗinke wanda ya yage, in an wanke a shanya a inuwa.

5. Iyaye mata su cika kwana ukun maganin damina, kada a ajiye saura don wani yaro. Masu ciki su je awo. Yaron da jikinsa ya yi zafi a kai shi a gwada jininsa a ranar, kada a jira jijjiga. Maza su ba da izini da kuɗin hanya tun kafin su tafi gona.

6. Mu biya harajinmu mu karɓi takarda, sa'an nan mu tura wakilai su tambayi abin da aka ware wa tsabta cikin kasafin shekara. Wanda ya biya shi ke da bakin tambaya.

'Yan'uwanmu mazauna Maraɗi da Yamai da Katsina da Kano, ba mu manta da ku ba. Gudummawarku ta bana a sa ta cikin shebur da baro da hayar amalanken ɗaukar ƙasa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raya mana zuriya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Wassalamu.